Ruwan da Inusa Ya Wanke

A Madarumfa in ka ce Inusa sai an tambaye ka wanne, don suna da yawa. In ka ce Inusa Mai Takarda kuwa, kowa zai nuna maka gangaren da ke sauka zuwa tabki, gida na ƙarshe kafin garake. Bai taɓa shiga lakwal ba, ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba, amma takarda ce ta ci rabin rayuwarsa.

A Gabi aka haife shi. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara shida, uwarsa Dije ta riƙe shi da ƙanwarsa da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Mace ce ƴar ƙarama mai zafin nama, ido ɗaya gare ta, ƙyanda ta tafi da na hagu tun tana goye, amma da na daman nan take tsince tsakuwa daga cikin gero, take hango baƙo tun yana bakin gari. Da yake Inusa ɗan farinta ne, bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Ɗan Baba take ce masa, don sunan surukinta ya ci.

Shekarar babban fari, yana da wajen sha takwas, ya bi samarin garinsu ci-rani Najeriya. Sauran suka dawo da faɗuwar ruwa, shi ya yi gaba. Katsina, Kano, Kaduna, har ya dangana da wani gari can kudu a bakin babban kogi, inda akwai masana'antar takarda. Aka ɗauke shi lebura. Aikinsa shi ne wanda kowa ke gudu: a bayan masana'antar akwai wani wawakeken rami inda ake zubar da abin da injin ya tace ya rage, wata farar laka mai zare-zare kamar rake da aka tauna aka tofar. Hausawan wurin suna ce mata tuƙa. Shi da wasu mutum biyar suke kwashe ta da shebur daga safe zuwa la'asar, a loda a kai daji. In ta bushe ta tashi kamar gari, ta shiga hanci, ta shiga ƙirji.

Shekara goma sha shida ya yi a bakin ramin nan. A tsakani yakan zo gida da salla, ya yi aure, ya auro Hasiya ƴar Madarumfa, suka haifi ƴaƴa mata biyu. A bakin ramin ne kuma idonsa ya kama wani abu da bai ɗauke shi a bakin komai ba a lokacin. Duk ranar da injin ya yi takarda mai launi, irin shuɗiya da ruwan hoda da ake bangon littafi da su, ruwan da ke kwararowa yakan fito da launinsa, ya ratsa tarin tuƙar, ya ɓullo ta ɗaya gefen ya kusa zama fari. Tuƙar ce ke shanye launin. Yakan tsaya ya dogara da shebur yana kallo, sannan ya ci gaba da aikinsa.

Daga baya masana'antar ta fara ciwo. Yau injin ya tashi, gobe ya kwanta, har aka sallami lebura. A 1991 Inusa ya dawo gaba ɗaya da akwatin ƙarfe, da rediyo, da tari wanda ba ya jin magani. Ya so ya zauna Gabi kusa da uwarsa, ita ce ta kore shi.

"Matarka na da sana'a a garinsu," in ji ta. "Ni ina da ƙafata, ina da idona. Tafi inda tuwonka yake."

Sana'ar Hasiya rini ce. Ba irin na dā ba, na baba da toka a cikin rijiyar marina. Wajen wata mata a Maraɗi ta koyo rinin zamani, na garin galura da ake sayowa Kano, a dama shi cikin ruwan zafi da soda da wani farin gari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sai ta sa safar roba har gwiwar hannu kafin ta tsoma shadda, don sodar na cin fata. Inusa yana nomansa da damina, da rani ya riƙe mata bugu, yana dukan shaddar a kan gungume har ta yi ƙyalli. Suna zaune lafiya. Ba mai yawan magana ba ne, ita kuma takan yi ta biyu.

Farkon 1994 aka karya darajar kuɗin sefa. Sabon yadi ya gagari talaka, kowa ya buɗe adaka ya fito da tsohuwar shadda a sake mata launi. Kafin azumi ya ƙare tsakar gidan Hasiya ta cika da igiyoyin shanya, mata huɗu na unguwa suka zo suna aiki tare da ita. Wuta ba ta mutuwa a murhu. Ruwan rinin da aka gama da shi kuwa, a kwarara ake tuntsurar da shi, ya bi rariya ya fita lungu, ya gangara. Yau shuɗi, gobe kore, jibi ja kamar an yanka sa. Ƙarshen tafiyarsa tabki.

Inusa yana da aboki, Sule, masunci ne mai ƴar garkar albasa a bakin ruwa. Wata safiya ya zo ƙofar gida, suka gaisa, ya buɗe ƙwarya ya ajiye gaban Inusa. Ƴan ƙananan karfasa ne, ko tsawon yatsa ba su kai ba, cikinsu a sama.

"A bakin gangarenku na kwaso su," Sule ya ce. "Kwana uku ke nan. Albasar da ke layin farko ma ta ƙone. Ban zo da faɗa ba, Inusa. Na san abincin gida biyar ne. Na dai ce ka gani da idonka."

Inusa ya daɗe yana duban ƙwaryar. Ya ce, "Na gani. Ba ni lokaci."

Ranar ya bi rariyar da ƙafa har bakin tabki. Ciyawar da ke gefenta duk ta mutu, ƙasar ta yi wani irin fari-fari kamar kanwa. A nan tsaye ramin masana'anta ya faɗo masa a rai.

Ya fara da abin da ya samu. Ya bi kasuwa yana tsintar kwalaye, ya bi magina yana roƙon buhunan siminti na takarda. Ya jiƙa su kwana biyu, ya zuba a turmi ya kama daka. Hasiya ta fito ta same shi.

"Malam, turmin furata ke nan fa."

"Zan sayo miki wani."

"Mutane za su ce mijina ya taɓu."

"Su ce."

Ya samo tano, irin gangar ƙarfen nan ta man mota, ya huda ƙasanta, ya danƙara dakakkiyar takardar a ciki, ya zuba ruwan rini. Da farko ko ɗigo bai fito ba, takardar ta toshe. Ya kwashe, ya gauraya ta da yashi. Ruwan ya wuce da gudu, da launinsa kamar yadda ya shiga. Ya yi ta ragewa yana ƙarawa wajen wata biyu, matan marina suna ta yi masa ba'a, suna ce masa likitan ruwa. Hannunsa ya yi shuɗi har wuyan hannu, fatar yatsunsa ta saɓule. Amma wata rana abin da ya ɗigo ya fito kamar shayi marar ƙarfi.

Kwalin kasuwa bai kai tuƙa kyau ba, ya san haka. Akwai wani direban kamiyo, babbar motar kaya, Nura, mai jigila tsakanin Kano da Maraɗi, ɗan ƙanen Hasiya. Inusa ya kwatanta masa abin da yake nema. Bayan sati uku sai ga Nura da buhu shida daga wata masana'antar da ke narka tsohuwar takarda tana yin kwalin ƙwai. Ya ce ko tambayarsa ba su yi ba, har taya shi lodi suka yi don murnar a rage musu juji. Inusa ya kwance bakin buhu, warin ya buge shi, ya yi tari har ya durƙusa, ya ɗago yana dariya.

Ya jera tano uku a kan tudu, ɗaya na ɗiga cikin ɗaya. Na farko ya karɓi ruwan baƙi ƙirin, na biyu ya mayar da shi ruwan ƙasa-ƙasa, abin da ya fito daga na uku kuwa, in ka tara a kofin gilashi kana hango tafin hannunka ta ciki. Matan da ke masa ba'a suka yi shiru. Labari ya zaga gari, mutane suka riƙa zuwa kallo. Daga nan sunan Mai Takarda ya bi shi.

Hasiya ce kaɗai ba ta ruɗu ba. Ta tsoma yatsu biyu a ruwan, ta murza.

"Ji santsi," ta ce. "Launi ka cire, Malam. Soda tana nan daram."

"Na sani," ya ce. "Abu ɗaya-ɗaya ake yi. Wanga ma wa ya ce zai yiwu?"

Ya sani ɗin kuwa. Shi ya sa bai bari ruwan ya gangara ba, rami ya haƙa a bayan gida yana zubawa. Amma daɗin abin ya riga ya shige shi. Mutumin da ya yi shekara goma sha shida yana kwasar abin da aka zubar, ba wanda ya taɓa tambayarsa ra'ayinsa kan komai, yau ga manyan mutane suna tsayawa a ƙofarsa suna cewa ya yi musu bayani.

Cikin masu zuwa akwai Mushe Umar, malamin lakwal ɗin unguwa. Shi abin ya fi burgewa. Ya zana tano ukun a kaye, littafinsa na rubutu, ya rubuta wasiƙa zuwa sarushi, wato ofishin gwamnati da ke kula da ruwa da daji. Bayan kwanaki ya zo da fara'a ya ce an amsa, wani babba zai zo ranar Laraba da hantsi ya gani da idonsa.

Bazara ce, 1995, zafi kamar a gasa mutum. Ran Talata Inusa ya sayo sabuwar tabarma da sabuwar buta ta roba, don yana son ya tsiyaya wa baƙon ruwan a gabansa daga abu mai tsabta. Laraba da safe ya share tsakar gida, ya shimfiɗa tabarmar a ƙarƙashin rumfa, ya cika butar da ruwan tano na uku, ya ajiye ta a gefen tabarmar. Ya sa rigarsa ta salla. Shi da Mushe Umar suka tafi bakin hanya tarye. Matan marina ba su yi aiki ba ranar don kada gida ya yi kaca-kaca, Hasiya kuma ta shiga maƙwabta dubo wata mai jego.

Ba wanda ya san Dije na tafe. Ta ji maƙwabcinta zai kawo buhunan dusa da ƙaiƙayi Madarumfa a amalanke, ta ce bari ta bi shi ta ga jikokinta, ta ƙulla daddawa da ƙuli a ƙyalle. A hanya iska ta watsa mata ƙaiƙayi a ido, ta yi ta murzawa yana ƙara shiga. Ta iso gidan gab da azahar, ta yi sallama ba a amsa ba. Ta ga tabarma a inuwa, ta ga buta cike. Ta ajiye ƙullinta, ta tsuguna, ta ɗaga kai, ta buɗe idon da yatsu biyu ta tsiyaya.

Da ta ji zafi sai ta ɗauka ƙaiƙayin ne ya motsa. Ta ƙara tsiyayawa.

Hasiya ta jiyo wani irin nishi ta kan katanga, ta shigo ta same ta durƙushe, hannu biyu a fuska, butar a kife. Kallo ɗaya ta yi ta gane. Ta ja tsohuwar zuwa bakin randa ta riƙa kwara mata ruwa moɗa bayan moɗa har randar ta ƙare, tana kiran maƙwabta su kawo nasu. Aka aika bakin hanya.

Inusa ya zo da gudu, rigar salla ta naɗe masa ƙafa. Ya ga uwarsa, ya ga butar. Ya ɗauke ta kamar jaririya ya fita da ita.

A likitar gari, ƙaramin asibiti, aka wanke idon aka ɗaure, aka ce a wuce Maraɗi. Kwana goma sha ɗaya suka yi can. Yana zaune a ƙasa gefen gadonta, in an miƙo masa abinci ya karɓa ya ajiye. Ranar da aka kwance bandejin, likitan ya haska fitila a idon, ya ja Inusa waje ya gaya masa a hankali cewa baƙin idon ya dafe, ya zama fari kamar ƙwan da aka dafa, ba abin da za su iya. Baƙon da aka yi shimfiɗar dominsa kuwa bai zo ba ranar nan, bai kuma zo ba bayanta.

Dije ba ta tambayi komai ba sai da suka dawo gida. Hasiya ta gyara mata ɗakin ƴan matan. Da yamma Inusa ya shiga ya zauna bakin ƙofa.

"Ɗan Baba ne?"

"Ni ne, Inna."

"Ruwan mi ne a butar nan?"

Mutane sun ba shi shawara ya ce kuskuren mata ne, ko ya ce bai san wanda ya zuba ba. Ya gaya mata duka, tun daga ƙwaryar Sule har sabuwar tabarma. Ya gaya mata Hasiya ta gargaɗe shi. Muryarsa ta riƙa yankewa, tari na tsoma baki. Ta saurara har ya gama.

"Ashe ruwan rini ne," ta ce. "To ka iya wanki. Na duba shi kafin in zuba, fari tas."

Ya kifa kai a gwiwa. Ta lalubo, hannunta ya faɗa a kan wuyansa, ta bar shi a nan.

"Abin da aka rubuta ne. Kada in ji ka sake tada maganar."

Washegari ya ɗauki gatari ya farfasa tano ukun. Ya tara sauran buhunan tuƙa a bayan gida ya bar su rana da iska. Hasiya ta kife tukwanenta, wata biyu ba ta hura wutar rini ba. Sauran matan suka koma gidan ɗaya daga cikinsu, lungu biyu gaba, ruwansu ya sake samun hanyarsa zuwa tabki. Sule yakan zo gaida tsohuwa, ya kawo tarwaɗa, bai taɓa cewa uffan kan ruwan ba. Inusa ya daina zama a majalisa. In ya fita masallaci, kansa a ƙasa yake zuwa ya dawo.

Dije ce ta gaji da shirun. Wata hantsi tana zaune a rumfa, ta ji shi yana wucewa.

"Tunda na zo gidan nan ban ji daka ba sai ta hatsi. An ce kai da turmi ba ku rabuwa."

"Na bari, Inna."

"Ruwan fa? Ina yake zuwa yanzu?"

Ya tsaya a bakin rumfar.

"Ni dai idona ya tafi, ba ya dawowa ko ka fasa tano ɗari," ta ce. "Abokinka yana kawo mini kifi, kullum sai sun fi na jiya ƙanƙanta, ina ji da hannuna. Ka yi rabin aiki ya cinye mini ido. Ka je ka ƙarasa shi."

Bai tashi a ranar ba, sai bayan sati. Mushe Umar, wanda tun da abin ya faru yake zagaye lungun don kunya, ya je Maraɗi wajen wani malamin kwaleji ya yi tambaya. Ya dawo da amsa cewa tsami ne ke kashe soda, ya kuma kawo wasu ƴan siraran takardu da ke sauya launi in an tsoma su, su nuna ko ruwa na da sauran kaifi. Inusa ya gwada ruwan tsamiya, ya yi amma ba ya isa. Sai Hasiya ta tuna masa da ruwan tsamin da masu koko ke zubarwa kowace safiya. Ya bi gidajensu da jarka. Ya ɗauki wata huɗu kafin ƴar takardar ta daina yin shuɗi.

Wannan karon bai jera komai a fili ba. Rami ya gina da siminti, ɗaki uku a jere a ƙarƙashin ƙasa, ya yi masa murfin ƙarfe da kwaɗo. Ana zuba ruwan ta bututu a sama, ya ratsa tuƙa, ya haɗu da tsami, ya tsotse cikin yashi. Ba wanda ke ganinsa, ba wanda zai iya ɗiba. Ya bi matan marina ɗaya bayan ɗaya ya roƙe su su dawo. In wani ya ce a buɗe masa ya gani, sai Inusa ya ce babu abin kallo. Tuƙar da ta ƙoshi da launi yakan kwashe ta da kansa, ya shanya a kan rufi, ya kai can tudu nesa da ruwa ya binne.

In kamiyon Nura ya yi jinkiri sai a koma ga kwali, a nan Dije ta samo wa kanta aiki. A ajiye mata tari a gefen dama, kwando a hagu, ta yini tana yayyagawa ƙanana-ƙanana. Tana yi tana hira da matan, tana tambayar wane launi ake yi yau, na wa ne, bikin wa. Mai shigowa zai ce tsohuwar nan ba abin da ke damunta. Ciyawa ta sake fitowa a gangaren. Sule ya mayar da albasarsa layin farko.

Inusa dai yana ganin abin da baƙo ba ya gani. Matar da ke tafiya daga Gabi zuwa gona ta dawo da dami a ka, yanzu sai an kama hannunta zuwa bayan gida. Ta ƙi sanda, gefen rigarsa take riƙewa. Ba ta sake komawa Gabi ba, ta ce ba ta son garin ya gan ta ita ba ta gan shi ba. Tuwonta ya riƙa dawowa da saura. Shi kuma tun daga likita bai sake iya duban fuskarta ba, in yana mata magana hannuwanta yake kallo.

A 1997 babbar ɗiyarsa Zuwaira, wadda ke aure a garin Sarkin Yamma, ta zo wankan gida ta haifi mace. Aka sa wa jaririyar sunan Dije. Ran suna tsohuwar ta yi ta barkwanci, ta ce an kawo mata kishiyar suna, ta sa mata albarka. Bayan kwana biyu, da la'asar, Inusa ya dawo daga gona da wuri. Gidan shiru, mata sun fita. Ya zo wucewa ta bakin ɗaki sai ya ji murya. Ya leƙa. Dije ce zaune da jaririyar a cinya, tana bin fuskarta da kan yatsa, goshi, hanci, kunne, haɓa, ta sake komowa goshi. Hawaye na zuba daga fararen idanun.

"Sun ce ke fara ce," take cewa ƙasa-ƙasa. "Sun ce kin ɗauko hancin kakanki. Ni ban sani ba. Sau ɗaya ma da ya ishe ni."

Ya ja da baya a hankali kada ta ji takunsa. Ya fita, ya gangara bakin tabki, ya shige cikin garkar Sule. Sule na ban ruwa ya gan shi zaune a kan kunya da fartanya a hannu, kafaɗunsa na rawa. Ya ajiye gugarsa ya zo ya zauna kusa da shi. Suna nan zaune har rana ta faɗi.

Bayan girbin shekarar Dije ta kwanta. Ba wani babban ciwo, ƙarfi ne ya ƙare. Kwana shida ta yi. Ranar ta biyar Inusa ya matso kusa ya ce, "Inna, ki yafe mini."

"Na ce kada ka sake tada maganar."

"Ki dai faɗa in ji."

"Na yafe tun ina durƙushe a tsakar gidan nan, ban ma san wa nake yafe wa ba. Allah ya yi maka albarka. Ba ni ruwa."

Ya ɗebo daga randa, ya kurɓa da kansa tukuna, sannan ya ɗaga kanta ya ba ta. Washegari da hantsi ta cika.

Ya rayu shekara biyu bayanta. Bai fasa kula da ramin ba ko kwana ɗaya, amma wanda ya san shi a dā ya san sauran mutum ne ke yawo. Tarin da ya kwaso daga kudu ya ci gaba da cinsa, ga kuma ƙurar tuƙar da yake shaƙa duk sati. Hasiya ta yi ta fama ya ɗaura ƙyalle a hanci, wata rana ya ɗaura, wata rana ya manta. Mushe Umar ya so ya kai labarinsa gidan rediyo, ya ce a'a. Da daminar 1999, gero ya fara fitar da kai, ya kasa tashi. Aka kai shi Maraɗi aka dawo da shi. Ya rasu ranar wata Asabar bayan azahar, yana da shekara arba'in da huɗu. Sule ne ya yi masa wanka.

Matan marina sun ci gaba da zuba ruwansu a bututun wajen wata takwas. Hasiya ta gwada canza tuƙar sau biyu, aikin ya fi ƙarfinta, Nura kuma ya koma jigilar Agadas. Ramin ya toshe. Ɗaya daga cikin matan ta bi mijinta Maraɗi, biyu suka bar sana'ar. Da Hasiya ta gama takaba ta zauna shekara guda ita kaɗai, sannan Zuwaira ta zo ta tafi da ita Sarkin Yamma. Wanda ya sayi gidan mai kiwon tumaki ne. Ya ji tsoron kada wata ta faɗa, ya cire murfin ya sayar wa maƙeri, ya cike ramin da ƙasa, ya kafa turke a kai.